Injin Ban Ruwa: Yadda Yake Aiki da Yadda Za Ka Gane Ciwonsa Kafin Ka Nemi Makanike

A gabashin Birnin Gwari, daga Kazage da Damari har Dogon Dawa da Kuyello, ruwan sama yakan ɗauke ne a wajen Oktoba, ya bar rafuka da ruwa, fadamu kuma a jiƙe. Mai lambu ya dasa albasa da tumatir da tattasai, injinsa na ba shi ruwa ba gardama. Sai an shiga Fabrairu zuwa Maris, zafi ya fara kankama, shuka ta fi kowane lokaci ƙishi, sannan injin ya soma ƙi. Yana kuka yadda ya saba, yana shan mai yadda ya saba, amma bakin tiyo a bushe, ko kuwa ya tofo ruwa ya yanke, ya sake tofowa. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaure shi a bayan babur a nufi makanike. Duk wanda ya san yankin ya san abin da hakan yake ci: yini guda, da kuɗin mai, in kuma an ce sai an sauya wani abu, sai an kai Funtuwa ko cikin Birnin Gwari. Mutanen da shekarun rashin tsaro suka raba da gonakinsu, waɗanda da yawansu sai bayan sulhun ƙarshen 2024 suka fara komawa, ba su da rarar da za su zubar a hanya. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa lau. Ruwa ne ya yi masa nisa, ko kuma iska ta sami kafar shiga. Wanda ya fahimci yadda ruwa yake hawa tiyo zai raba gardamar nan a bakin rafi.

Wa yake ɗaga ruwan?

Ka sami guntun siririn tiyo mai haske, irin wanda magina suke awon daidaito da shi. Tsoma baki ɗaya a bokitin ruwa, ka zuƙi ɗayan har ruwa ya hau, sannan ka yi maza ka toshe da babban yatsa. Ruwan zai tsaya cak a cikin tiyon, ba abin da yake riƙe da shi daga sama. Ɗaga yatsan, sai ya koma bokiti.

Iskar da muke ciki tana da nauyi. Tun daga ƙasa har inda ta ƙare a sama, tana danne kowane wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa da nauyin kusan kilo ɗaya. Ba ma jin nauyin ne saboda ta kowane gefe take dannawa, har daga cikin jikinmu. Da ka zuƙi tiyo, iskar cikinsa ka rage, ita kuwa ta waje tana nan tana danne fuskar ruwan bokiti, sai ta tura shi inda dannawa ta yi sauƙi. Aikin inji ke nan a ɓangaren da muke cewa yana “ja”: ya rage iskar cikin tiyo, nauyin iskar waje ya turo ruwa sama.

To, tunda iska ce take turowa, iyakar ƙarfinta ita ce iyakar hawan ruwan. A bakin teku nauyinta yana iya riƙe ruwa mai tsayin mita 10.3, ba ƙari. Ko ka kawo injin da ya fi kowane ƙarfi a duniya, ba zai zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce wannan ba. An daɗe ana cin karo da wannan iyaka kafin a gane dalilinta. Injiniyan nan Musulmi, Isma'il al-Jazari, ya zana famfon zuƙar ruwa a littafinsa na 1206. Galileo ya rubuta a 1638 cewa irin waɗannan famfuna suna tsayawa a kusan mita goma, sai almajirinsa Torricelli ya warware abin a wajen 1643. Ya yi gwajin da zaiba, wadda masu wanke zinare suka sani, wadda ta ninka ruwa nauyi sau 13.6, sai ta tsaya a santimita 76. In ka raba mita 10.3 da 13.6, abin da za ka samu ke nan. Nauyi ɗaya ne yake riƙe su duka biyu.

Mu kuma a tudu muke. Ƙasar nan ta fi bakin teku tsayi da ɗaruruwan mitoci, saboda haka iskar da ke kanmu ta ɗan ragu, iyakar ta sauko ƙasa da mita goma. Ga gogar ruwa da bangon tiyo, ga inji ba ya iya kwashe iska tas. Shi ya sa masu ƙera injin suke rubuta mita 7 zuwa 8 a jikin kwali, wannan ma ga sabon inji da sabon tiyo. Tsohon injin da ya sha yashi, in ka samu ya zuƙo daga mita 5 ko 6 ka gode Allah. Tun kafin a kai iyakar ma, duk mita ɗaya da aka ƙara a zurfi sai ruwan da yake fitowa ya ragu.

Ɓangaren turawa kuwa ba ruwansa da wannan iyaka. Can ƙarfin inji ne yake aiki, kuma ƙananan injunan da ake sayarwa a kasuwanninmu suna iya kai ruwa tsayin mita 25 zuwa 30. Daga nan doka ta farko ta fito, wadda ta fi duk sauran amfani: ka kai inji kusa da ruwa gwargwadon iko, ka gajarta tiyon ja, ka bar tsawon ya tafi ga tiyon turawa.

Girkawa

Fara da awo. Zurfin da ake nufi shi ne na tsaye, daga fuskar ruwa zuwa bakin inji, ba tsawon tiyon da ya kwanta a gangare ba. A rijiya ka ɗaura dutse a igiya ka zura. A rafi ka kafa doguwar sanda a bakin ruwa ka daidaita da inda injin zai zauna. In ya haura mita 6, sauko da injin tun kafin ka wahalar da kanka.

Wurin zamansa ya zama daidai, ba karkace ba. Ka shimfiɗa katako ko tsohuwar taya don kada jijjiga ta nutsar da ƙafarsa a laka. Dalilin daidaiton yana cikin injin: waɗannan ƙananan injuna ba su da famfon baƙin mai, wani ɗan ƙarfe ne a jikin sandar fistin yake tsoma kai yana watsa man. In inji ya karkata, mai ya taru gefe guda, ƙarfen ya riƙa dukan iska, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Tiyon ja dole ya zama mai ƙashi, mai zobba a jikinsa. Wanda ya taɓa gwada sa lallausan tiyon turawa a wurinsa ya ga abin da ya faru: yana tashin inji tiyon ya manne ya zama faifai. Nauyin iskar nan ne ya matse shi, da ido ake ganinsa. Ka shimfiɗa tiyon yadda zai riƙa hawa a hankali daga ruwa har bakin inji, kada ya yi doro a tsakiya, domin iska tana taruwa a doron ta tsuke hanyar ruwa. Mahaɗinsa da inji shi ne wurin da aka fi samun matsala. Duba zoben robar da ke ciki, in ya tsage ko ya bushe ka sauya shi. Matse da abin ɗaurin ƙarfe, sannan ka bi da robar tsohon tif ka naɗe da kyau, kana ja kana naɗawa, kowane zagaye ya hau rabin na baya.

A ƙarshen tiyon akwai rariya. Kada ka cire ta don wai tana rage ruwa. Tsakuwa ɗaya ta isa ta karya haƙorin farfela, wato abin da yake juya ruwa a cikin injin. Rariyar ta nutse aƙalla kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba za ka ga ruwan ya yi wani ɗan mazurari yana juyawa a kanta, wannan iska ce take bi ta shiga. Kuma kada ta kwanta a ƙasan rafi. Saka ta a kwando ko tsohon bokitin da aka huhhuda, ko ka rataye ta a jikin jarka marar komai ta yi iyo da ita. Yashi shi ne babban maƙiyin farfela, yana cin ta a hankali har tazarar da ke tsakaninta da gidanta ta buɗe, ruwa ya riƙa zagayawa a ciki maimakon ya fita.

Sai ɗura ruwa. Farfela tana aiki ne irin na majajjawar yaron da yake tsaron gona: tana karɓar ruwa a tsakiyarta, ta juya shi, ta wurga shi gefe. Injin yana juyawa har sau 3,600 a minti, wato sau 60 a daƙiƙa guda. Ruwan da aka wurga ya bi gidan farfelar mai siffar katantanwa ya fita ta sama, gurbin da ya bari a tsakiya kuma iskar waje ta cike shi da sabon ruwa. Amma majajjawa sai da dutse. Ruwa ya ninka iska nauyi sau ɗari takwas da wani abu, don haka farfelar da take juya iska zalla ba abin da take wurgawa. Shi ya sa ake buɗe murfin sama a cika tukunyar, wato gidan farfelar, da ruwa har ya tumbatsa, a mayar da murfin a matse tare da zoben robarsa. Da wannan ruwan injin yake cakuɗa iskar da ke cikin tiyo yana fitar da ita kaɗan-kaɗan har ruwan rafi ya iso.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba a tashin inji a bushe, ko da na gwaji ne. A bayan farfela akwai sil, fuska biyu masu santsi da suke gogar juna don hana ruwa bin sanda ya shiga inji. Ruwan da ake turawa shi ne yake sanyaya su. Ba ruwa, cikin ɗan lokaci sun yi zafi sun tsage. In ka ga ruwa yana ɗiga tsakanin tukunya da jikin inji, sil ya tafi, kuma galibi tashi a bushe ne ya kashe shi.

Yanzu duba baƙin mai, buɗe makunnin fetur, rufe cok in injin da sanyi, ɗan ɗaga wuta, kunna. Ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga. Ya tashi, buɗe cok sannu a hankali, ka ƙara wuta sosai har ya kama ruwa. Sa yaro ya tsaya a ƙarshen tiyo. Minti biyu zuwa uku in ba ka ji “Baba, ya zo!” ba, kashe shi. Ci gaba da kuka ba zai kawo ruwa ba, sai dai ruwan tukunya ya yi zafi.

In ya ƙi ja

Bi abin daki-daki, daga mai sauƙi. Kwance tiyon ja, sake cika tukunya, tashi injin, ka ɗora tafin hannu a shimfiɗe a kan bakin shigar ruwa na 'yan daƙiƙu, ban da zura yatsa. In ka ji ya kama tafinka da ƙarfi, injin ba shi da laifi, matsalar tana tiyo ko zurfi. In kamun ba ƙarfi, duba murfin ɗura ruwa da na zubarwa, da robar nan mai kama da harshe da ke bakin shiga, da gaskit, sannan farfela.

Hudar tiyon ja tana da wuyar gani domin ba ta yoyo lokacin aiki. Ruwa ba ya fita ta nan, iska ce take shiga. Hanyar kama ta ita ce a kashe inji, a fito da tiyon, a toshe baki ɗaya, a ɗaga ɗayan a cika shi da ruwa, a bi jikinsa da ido da hannu. Inda ya yi gumi nan ne. Ƙaramar kafa kamar ta allura tana iya hana inji kama ruwa in zurfin ya yi yawa, ko da a watan Disamba, da ruwa yake kusa, ba ta hana komai ba. Wannan ne ya sa mutum yake rantsuwa cewa da tiyon nan ya yi aiki wata uku lafiya. Gaskiya ya faɗa, ruwan ne ya sauka.

Wani lokaci kuma ruwa yana fitowa, amma tukunyar tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a ciki, alhali ba tsakuwa. Ruwa yana tafasa ne a zafin da ya dace da nauyin da ke kansa. In aka rage nauyin ƙwarai, sai ya tafasa ko da sanyinsa. Idan zurfi ya yi yawa ko rariya ta toshe, dannawa a tsakiyar farfela tana faɗuwa har ruwan ya fara kumfar tururi. Kumfar tana isa gefen farfela inda matsi yake da yawa sai ta fashe da ƙarfi, tana sassaƙar ƙarfen. Wanda ya buɗe irin wannan farfela zai gan ta da ƙananan ramuka. Maganin ba ƙara wuta ba ne. Rage wuta, share rariya, sauko da inji.

Masu rijiyar fadama, irin siraran bututun da suka yaɗu tun shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990, suna da tasu matsalar daban. Ruwan da ka auna da safe yana mita 5 ba nan yake tsayawa ba. Da inji ya fara aiki sai ya sauka, domin ƙasa ba ta tsatso shi da saurin da ake kwasa. Yana wuce iyaka inji ya sha iska ya yanke, ruwa ya ɗan taru, ya sake kamawa. Mai irin wannan rijiya ya rage wuta har ya sami inda ruwan yake gudu ba yankewa. Ƙaramin ruwa mai ɗorewa ya fi cika kwami a kan mai yawa da yake zuwa yana ɗaukewa.

Dabarar da aka saba yi in rani ya yi nisa ita ce a haƙa rami a gefen bututu a saukar da inji mita ɗaya ko biyu. Lissafin daidai ne, amma a nan ake rasa rai. Hayaƙin fetur yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum yakan ji ciwon kai da jiri, ƙafafu su mutu, kafin ya gane abin da ake ciki ya kasa hawowa. Ramin ya zama mai faɗi, buɗaɗɗe, marar zurfi, a tashi inji a fito nan take. Zura inji cikin rijiya ko ramin haƙar zinare mutum yana ciki kuwa, wannan kada a yi shi ko sau ɗaya. In wani ya faɗi a ciki, kada ɗan'uwansa ya diro bayansa. A kashe injin daga sama, a kira jama'a, a kaɗa iska cikin ramin, wanda zai shiga a ɗaura masa igiya a ƙugu.

In ruwa ya wuce mita 8 da gaske, injin zuƙa ya gama nasa. Sai abin da zai shiga cikin ruwan ya turo shi daga ƙasa, wato sumo mai aiki da janareta ko hasken rana. Famfon tuƙa-tuƙa na unguwa ma haka yake: abin da yake ɗaga ruwan yana can ƙasa a nutse, sanda ce ta haɗa shi da hannun da ake tuƙawa, shi ya sa samfurin India Mark II yake ɗago ruwa daga zurfin da ya kai mita 50. Dogon hannunsa kuma hikimar jigo ce da kakanninmu suka yi ban ruwa da ita, hannunka ya yi tafiya mai tsawo da ƙarfi kaɗan, nauyin ya yi gajeriyar tafiya.

Inda mai yake tafiya

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ya zama babban abin da yake cin ribar noman rani. Saboda haka ya kamata a san inda yake zurarewa.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ƙarfin doki ɗaya, wanda ake auna inji da shi, shi ne ɗaga kusan kilo 75 tsayin mita ɗaya a daƙiƙa guda. In injinka yana ba da lita 600 a minti, kilo 10 ke nan a daƙiƙa. In tsayin mita 6 ne daga fuskar ruwa zuwa gona, aikin bai kai na doki ɗaya ba, alhali injin na doki biyar da rabi ne. Wani kaso yana ɓacewa a cikin tukunya, wannan ba yadda za ka yi da shi. Amma kaso mai yawa yana tafiya ne wajen tura ruwa ta cikin tiyo, kuma wannan yana hannunka. Ruwa yana gogar bangon tiyo, gogar kuma tana ƙaruwa fiye da saurin: ninka gudun ruwa sau biyu, asarar ta ninku kusan sau huɗu. Tiyo mai inci 3 ya ninka mai inci 2 faɗin ciki sau biyu da kwata, saboda haka ruwa iri ɗaya yana tafiya a cikinsa a natse, asarar goga ta ragu kusan sau bakwai. Ina ganin babu tsimin da ya kai sayen injin inci 3 a maƙala masa tiyon inci 2 muni, don an ga ya fi araha. Kuɗin da aka tsira da shi a kasuwa ana biyansa a gidan mai kafin kaka. Haka duk lanƙwasa, duk inda tiyo ya karye a kan kunya, duk ɗaurin da ya tsuke shi, mai yake sha.

Kada adadin jikin kwali ya ruɗe ka. In an rubuta lita 1,000 a minti da tsayin mita 28, ba tare ake samunsu ba. Lita dubun a fili ne inda ba hawa, mita 28 kuma shi ne inda ruwan yake tsayawa ya daina fita. Aikinka yana wani wuri a tsakani, kuma gano shi ba wuya. Ka sa tiyo a duro mai lita 200 a can inda ruwan yake zuba a gona, ka duba agogon waya. In ya cika a daƙiƙa 30, lita 400 kake samu a minti, 24,000 a awa. Zurfin ruwa milimita ɗaya a hekta guda lita 10,000 ne, kayan lambu kuma a tsakiyar rani suna shan wajen milimita 5 zuwa 7 a yini. Ka ga hekta tana neman awa biyu da rabi na aikin wannan inji a kowace rana, ban da abin da magudanar yashi take shanyewa a hanya. Yi wannan awon a farkon rani ka rubuta. Ranar da ka sake aunawa ka ga duro yana ɗaukar daƙiƙa 45, ka san wani abu ya canza tun kafin shuka ta gaya maka.

Game da wuta, farfela tana da wata ɗabi'a mai amfani. In ka rage gudunta da kashi ɗaya cikin biyar, ruwa yana raguwa da kashi ɗaya cikin biyar, amma ƙarfin da take nema yana faɗowa kusan rabi. Don haka a fadama, inda hawan ba yawa, barin inji a matsakaiciyar wuta na ɗan ƙarin lokaci ya fi ƙure shi sauƙin mai. Inda gona take kan tudu kuwa abin ya sha bamban, domin tsayin da farfela take iya kaiwa yana faɗuwa da sauri in an rage gudu, kana iya ragewa har ruwan ya tsaya a rabin hanya inji yana ƙona mai a banza. Duro da agogo su ne za su nuna maka inda ya dace.

Shi kansa injin

Irin wanda Nikolaus Otto ya ƙera ne a Jamus a 1876, mai bugu huɗu: fistin ya sauka ya shigo da iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. In ya ƙi tashi, ɗaya daga abu huɗu ne ya ɓace: mai, iska, wuta, ko matsi. Matsi a igiya ake jin sa, in ta zo salalam ba tauri, bawul ko ringi ne, wannan kam aikin makanike ne. Wuta kuma, kwance fulogi, mayar masa da hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin da inda fetur yake, ja igiya ka duba tartsatsi. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. In ya fito a jiƙe, mai ya yi yawa. In a bushe ƙayau bayan ja da yawa, mai ba ya isowa, a duba makunni da ƙaramar kafar cikin kafireto.

Iska ce aka fi mantawa da ita. Kowace lita ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone da kyau, kuma duk ta cikin ɗan soson nan za ta bi, a watannin da ƙurar hunturu take rufe gari. Soso ya toshe, inji ya riƙa baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu, mai ya ƙare da wuri. A wanke shi da sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Masu cire shi gaba ɗaya don inji ya “numfasa” suna ba fistin ƙura ne ya ci. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne yake ƙonewa, ko an cika shi ya wuce ƙima, ko ringi ya gaji.

Baƙin man da irin wannan inji yake ɗauka bai wuce lita 0.6 ba. Sabo a juye masa bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100, a lokacin ƙura ma kafin haka. Wasu injunan suna da na'urar da take kashe su in mai ya yi ƙasa, kuma an saba cire wayarta in ta dami mutum. Kada ka cire, ƙara man. Mafi yawan ƙarfin fetur zafi yake zama, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake juya farfela, shi ya sa jikin injin yake da haƙarƙari don iska ta kwashe zafin. Yi masa rumfar zana ta sama, ka bar gefuna a buɗe, ka riƙa share laka da ciyawa daga haƙarƙarin. Kada a zuba fetur yana aiki ko salansa na da zafi. Wanda ya mayar da nasa mai aiki da gas ya ajiye tukunyar gas ɗin a tsaye a inuwa, nesa da salansa, ya riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗai. Inda kumfa ta tashi, nan yake yoyo.

In ruwan sama ya sauka aka tashi daga lambu, kada a jefa inji a lungu yadda yake. A tura ruwa mai tsabta ta cikinsa, a kwance murfin ƙasa a tsiyaye tukunyar tas don kada farfela ta yi tsatsa ta kafe. A rufe makunnin fetur, a kwance kusar ƙasan kafireto man ciki ya zube, domin wanda ya kwana watanni yana zama danƙo ya toshe kafa. A juye baƙin mai tun injin da ɗumi a zuba sabo. A kwance fulogi, a ɗiga cokalin shayi ɗaya na baƙin mai a ramin, a ja igiya sau biyu ko uku, a mayar da shi, sannan a sake ja a hankali har ta yi tauri a bar ta nan, a wannan wurin bawul duka biyu a rufe suke, raɓa ba ta shiga. Tiyo a wanke, a shanya a inuwa, a naɗe, a rataye inda rana da ɓera ba sa kaiwa, a toshe bakin tiyon ja da tsumma.